Jus ɗin mangwaro na gaskiya ba ya zuwa da araha, ga dalili

Shekaranjiya da la'asar wata baiwar Allah ta tsaya gaban shagona nan Garwa ta arewacin Kamaru, ta ɗauki gorar jus ɗin mangwaro ta juya ta ta sake juyawa, ta ce Hajiya ke kuma me ya sa naki yake dala ɗari alhali can bakin tasha dala ashirin ake ba da irinsa. Irinsa fa ta ce. Wallahi kalmar nan ta fi ciniki ci min rai. Ban ce mata komai ba, na zuba mata kaɗan a kofi na ce Yaya sha tukunna sai mu yi magana. Ta kurɓa ta yi shiru, can ta ce ai wannan mangwaro ne. Na ce to dama me kike tsammani.

Abin da ake sayarwa dala ashirin ɗin nan na san yadda ake haɗa shi, ba ɓoyayyen abu ba ne: garin leda mai ƙamshin mangwaro, kala, sakarin, ruwa bokiti guda, a jefa ƙanƙarar da ba a san da wane ruwa aka yi ta ba. Ko ɓawon mangwaro bai ga wajen ba. Ka sha harshenka ya rine rawaya, bayan minti biyar ƙishin ya dawo ya fi na da. Ni ba na hana kowa neman abincinsa amma don Allah a daina kiran abin da sunan ɗan itacen da wani ya yi shekara huɗu yana ba shi ruwa.

Mu lambu muka gada. Na mahaifinmu ne, Allah ya jiƙansa, yana kan hanyar Pitowa ba nisa da Binuwai, kuma tun ina yarinya ni ce mai binsa saboda yayyena maza duk kasuwa ta ɗauke musu hankali, wannan yana kanti wancan yana bin mota zuwa Marwa. Inna har faɗa take yi, wai 'ya mace me za ta yi a lambu sai baƙi da kaushi. Baba sai ya yi dariya ya ɗora ni bayan keke. A lokacin babu injin ban ruwa, rijiya ce da guga, kowace bishiya an yi mata kwari a gindi kamar akushi, mu cika shi da asuba kafin rana ta fito.

Abu na farko da ya koya min shi ne kar in yarda da launi. Mangwaro yana iya yin ja yana ɗanye shar, wani kuma irin Ameli ya nuna sarai fatarsa tana nan kore. Kafaɗa ake dubawa, wajen da ya haɗu da reshe, in ya ƙosa za ki ga kafaɗun sun taso sun cika har hancin ya ɗan lotsa ciki. Sai ki shinshina daidai wurin. In kina shakka ki jefa shi a bokitin ruwa, wanda ya ƙosa nitsewa yake, ɗanye ya taso sama. Kuma ba a kakkaɓe bishiya, wannan a wurin Baba laifi ne babba, gora ce doguwa da 'yar jaka a bakinta, a tsinko ɗaya ɗaya, a kife su a kan tabarma hanci ƙasa don ƙaron ya tsiyaye, domin in ya bi jikin mangwaron ƙona fatar yake ya bar baƙin zane. Wanda ya faɗo ƙasa ko bai fashe ba ya bugu a ciki, kwana biyu wajen ya yi laushi ya fara tsami. Har yau in na ga yaran da nake ɗauka aiki sun ɗaga sanda sai in ji muryarsa a kunnena.

Auren bishiya kuwa, girefi kamar yadda muke cewa, sai da na kai wajen shekara sha biyar ya bari na riƙe wuƙa. Iri masu aure na farko daga Kismatari ya samo su, gonar IRAD, cibiyar binciken noma ta gwamnati, da ke nan kusa da mu inda suka tara ire-iren mangwaro da lemu, daga nan ya ci gaba da yin nasa. Ana shuka ƙwallon mangwaron gida, ɗan ƙaramin nan mai zare, saboda saiwarsa ta san ƙasarmu ta san farinmu. In ya yi kaurin fensir sai a yanke kansa a tsaga, a samo kan reshe daga uwar da ake so, a fiƙe shi gefe biyu kamar bakin gatari, a cusa a tsagar yadda ɓawo zai haɗu da ɓawo, a naɗe da leda tam kar iska ko ruwa ya shiga. Duk sirrin yana wajen haɗuwar ɓawon nan da kaifin wuƙa, yanka ɗaya ake yi ba a sassaƙa. Sati biyu zuwa uku in Allah ya yarda ki ga toho ja-ja ya ɓullo. Na farkon da na yi guda goma ne, ɗaya ya kama. Na yi kuka ranar, Baba ya ce tara ɗin kuɗin makaranta ne. Ɗayan nan tana nan har yanzu, Kent ce, ita ce ta biyu daga rijiya, kuma ba na bari kowa ya tsinke ta sai ni.

Mai aure shekara uku zuwa huɗu ya fara 'ya'ya, na ƙwallo sai ki jira shida ko fiye kuma ba lalle ya ɗauko uwarsa ba. Wani abin da mutane ba su sani ba, in hunturu ya gabato ana janye wa manyan bishiyoyi ruwa, ƙishin nan da sanyin dare su ke sa ta fure. Ki yi ta zuba mata ruwa don tausayi sai ta ba ki ganye kawai. Ameli ke fara zuwa, ga ɗan tsami-tsami mai daɗin jus, Kent ya biyo baya, nama ne zalla ba zare shi nake shanyawa, Kit kuma shi ne na ƙarshe har damina ta kama. Da ruwan fari ya sauka sai ƙudan nan ya zo, ya huda fata ya yi ƙwai, waje lafiya lau ciki tsutsa. Maganinmu dai tsinta ne, kullum da safe duk wanda ya faɗo a tattara a ɗaure a baƙar leda a bar shi a rana, in kika bar su a gindi kin yi kiwon ƙudan baɗi da hannunki.

A jus ɗina ba iri ɗaya nake sawa ba. Mai aure yana ba da kauri, amma ƙamshi na wajen ɗan gida mai zaren nan da mutane ke rainawa, shi ya sa nake haɗa su, sai dai aikin tacewa ne, sau biyu ake bi da shi ta rariya. Ɗan lemun tsami kaɗan yana tashe shi kuma yana hana shi yin duhu. Sukari ba na sawa a na mangwaro sam in ya nuna yadda ya kamata. Gwaiba ita ma da dabararta, in kika bar injin markaɗe ya daɗe ƙwayoyin su farfashe jus ya koma kamar da yashi a ciki, bugu biyu uku ne a tsaya a tace.

Inda nake shan wahala shi ne kayan kudu. Abarba ba ta yi mana nan, zafi da rani sun yi mata yawa, daga wajajen Penja da Njombe ake kawowa, wani lokaci a jirgin ƙasa zuwa Ngaundare sannan mota ta gangaro da ita ta falez, gangaren dutsen da ke bayan garin, wani lokaci mota tun daga can. To masu kawowar nan, Allah dai ya shirye mu. A waya za a ce miki Hajiya zuma ce zuma, buhu ya iso ki buɗe, saman guda biyar masu kyau, ƙasa duk an yanko su ɗanyu don kar su lalace a hanya. Ita kuma abarba ba kamar mangwaro ko ayaba ba ce, da an raba ta da uwarta zaƙinta ya tsaya, ko ki ajiye ta sati sai dai ta yi laushi ta ruɓe. Bara wani ya yi min haka sau biyu, na uku na sa aka zazzage buhun gabansa a tasha, ya ce wai na ci masa mutunci. Na ce Alhaji ni kuma da zan zuba wa mutane tsami su ce Hajiya ta lalace fa.

Ga kuma masu karbi, sinadarin nan da masu walda ke amfani da shi. A naɗe shi a takarda a tura cikin tulin ayaba ko mangwaro a rufe, kwana ɗaya biyu komai ya yi rawaya fes. Ki duba da kyau za ki ga jikin ayaba rawaya amma kan nonon yana kore, ki ɓare ki ji ba zaƙi ba ƙamshi, wani lokaci har da ɗan wari kamar tafarnuwa. Ba ya shiga shagona. In ina son abu ya nuna da wuri, ayaba nunanniya guda biyu nake sawa cikin kwandon in rufe da buhu, ita kanta tana fitar da iskar da ke nunar da 'yan uwanta.

Wajen girki kuwa daga Goggo na koya, ƙanwar Baba, wadda ba ta yarda a zubar da komai. Ɓawon abarba a wanke shi sosai a tafasa da citta da kanumfari a jiƙa folere a ciki, wato zoɓo, shi ne wanda ya fi fita a wurina da azumi. Naman tsohuwar saniya da ya ƙi dahuwa, ta goga ɗanyar gwanda ta cuɗa shi ko ta naɗe shi a ganyen gwanda na awa ɗaya, ya yi laushi, amma kar ki wuce gona da iri sai ya dagargaje. Ɗanyen mangwaro a miyar kifin tafkin Lagdo maimakon tsamiya, ku gwada ku ba ni labari. Kuma kar ki haɗa ɗanyar abarba da madara ki ajiye, ɗaci take yi ta tsinke, na taɓa asarar lita goma ranar sunan wasu mutane kafin in gane wannan. In madara kike so ga garin kuka nan, kwalba da nono, ya fi dacewa da ita nesa ba kusa ba.

Ana yawan tambayata wanne ne maganin kaza wanne ne maganin kaza. Ni ba likita ba ce kuma ba na sayar da magani, abinci nake sayarwa. Abin da yake tabbas dai, gwaiba ta ninka lemun zaƙi wajen sau huɗu a bitamin C, ita da muke bari yara su yi jifa da ita. Mangwaro da gwanda masu jan ciki suna ba jiki bitamin A, na ido da fata, shi ya sa nake son busasshen mangwaro ga yara lokacin da babu ɗanye. Gwanda da safe da ruwan tsamiya suna sakin ciki, wannan kowace tsohuwa ta sani. Mai juna biyu in ta ci wake ko zogale ta bi da lemu ko gwaiba jikinta ya fi ɗaukar sinadarin ƙarin jinin da ke ciki, ba shayi ba. Amma mai ciwon suga ba na ɓoye masa, ko ban sa sukari ba jus jus ne, gara ya ci ɗan yanki da namansa ya tauna. Akwai wani dattijo da ke zuwa kullum, da na ji yana da suga na daina ba shi gora, sai gwaiba biyu a leda, ya yi fushi na sati guda ya dawo.

Saboda ba na sa maganin hana lalacewa, jus ɗina kwana biyu zuwa uku ne a firigo, shi ma in an bar mana wuta, kun dai san watan Afrilu a Garwa, zafi ya haura 40 sannan a ɗauke tun azahar. Don haka kaɗan kaɗan nake yi, da asuba, abin da zai ƙare a ranar. Masu biki da suna ku riƙa faɗa min kwana uku kafin ranar don in san bishiyar da zan tsinka, ba a zo min da daddare ana cewa gora ɗari biyu gobe da safe ba. Busasshen Kent na bana zai fara fita nan da sati uku in sha Allahu, gwaiba kuma sai ƙarshen damina, kar wanda ya tambaye ni ita yanzu.