Ƙululun firij ya ci mini cinikin sati biyu

Har yau idan na tuna sai raina ya ɓaci. Firij ne sabo, watansa uku kacal a gidan, na saye shi don sana'ar zoɓo da kunun aya. Wani dare cikin zafin Afrilu, da NEPA ta kawo wuta, na ji bayansa yana ƙululu-ƙululu kamar cikin mai jin yunwa, can kuma sai ƙas! kamar an karya tsinke. Ban runtsa ba. Kafin asuba na gama yanke hukunci cewa gas ne yake zuba.

Ban shawarci kowa ba, na aiki yaro ya kirawo wani mai gyara daga bakin titi. Ya kara kunne, ya girgiza kai, ya ce, "Hajiya, gas ya kusa ƙarewa." Dama abin da na saka a rai ke nan. Ya yanke bututun baya, ya ɗura nasa gas ɗin, ya liƙe da wuta, ya karɓi kuɗin da ya kai cinikina na sati biyu. Firij ɗin da jiya yake daskarar da kunun aya ya koma sanyi sama-sama.

Ranar Juma'a Yayana ya zo, shi aikin lantarki yake. Ya juya firij ɗin ya nuna mini takardar da ke manne a baya, mai nuna nau'in gas ɗinsa: R600a. Gwangwanin gas ɗin da mutumin ya yar a tsakar gida kuwa R134a aka rubuta. Ya ce, "Ke kuwa me ya kai ki? Ai injin da aka ƙera wa wannan ba a ɗura masa wancan." Ƙululun da ya hana ni barci, gas ne kawai yake zagayawa cikin bututu, lafiyayyen firij ma yana yi. Ƙas ɗin kuma roba ce ta ciki take motsawa idan sanyi ya ƙaru ko ya ragu, ko kuma na'urar da ke kunna injin da kashe shi. Kuma gas ɗin firij ba na girki ba ne da yake ƙarewa, a rufe yake. In ya zuba, rashin sanyi za ki fara gani.

Sanyi kuwa, a daren nan nawa yana yi! Abin da ya fi ci mini rai ke nan, hannu kawai zan saka a ciki in gane.

Ƙarar da ya ce in kula da ita daban ce: injin ya yi gurnani na ɗan lokaci, ya yi ƙas ya mutu, ya sake yunƙuri ya kasa. Yawanci wuta ce ba ta da ƙarfi, sai a cire shi daga soket.

Kamfanin ya ƙi karɓarsa tunda an yanke bututu. Sai da na sake biya aka zuƙe gas ɗin aka mayar da na asali. Jiya da daddare ma ya yi ƙululunsa, na gyara kwanciya.