Hannun Marini

Malaminmu ya ce mu ɗauko hotunan mutane a bakin aikinsu, ban da "tsaya in ɗauke ka". Da sassafe na nufi marinar Ƙofar Mata da ke Kano, na gaida wani dattijo, na nemi izini. Ya ce, "Ɗauki, 'yata, amma kar ki tare min haske."

Kusan awa biyu ina tsugune a bakin karofi. Ya tsoma ƙyalle, ya ɗago shi kore-kore, iska na bugunsa ya koma shuɗi a kan idona. Warin baban rini kuwa har cikin mayafina!

Hoton hannunsa ne ya fi taɓa ni, farcen ma duk ya rine. Gobe in sha Allah zan wanko, in kai wa dattijon hotonsa.