Yadda muka nemi hanyar masu keke a Kaduna

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, mutane da yawa a garin nan suka jingine babur suka koma keke. Ni ma ina cikinsu. Daga Kawo nake tasowa, in bi titin Ali Akilu, in shiga Ahmadu Bello Way har shagona kusa da Kasuwar Gumi.

Gaskiya aikin sabunta birni da aka fara a 2019 ya gyara tituna, gadar Kawo ma abin alfahari ce. Amma mai keke ba shi da wuri a kansu. Kwaltar da ta yi sumul ta ƙara wa motoci gudu, mu kuwa an matse mu a gefe, inda yashin damina ke taruwa, ga kwata a buɗe, ga masu Keke Napep suna tsayawa ɗaukar fasinja ba sigina.

Sai muka haɗu, mu masu bin hanyar, muka rubuta takardar koke. Ofishin farko suka ce ba huruminsu ba ne, na biyu suka ce babu shi a kasafin bana. Wani injiniya ne ya zaunar da ni ya ce, "Malam, kun makara. Faɗin titi tun a zane ake yanke shi. Da zarar an gina kwata hagu da dama, ƙarin ko taku ɗaya sai an yi rusau an biya diyya."

Maganar ta yi mini zafi, amma ta buɗe mini ido. Ashe lokacin magana shi ne kafin katafila ta iso, a taron jin ra'ayin jama'a kan kasafin kuɗi, inda ban taɓa ganin mai keke ya miƙe ba. Na kuma daina roƙon a ja mana layin fenti. Fenti ba ya hana mota fakin ko mai tebur kasa kaya. Sai an sa shingen kankare.

Yanzu ta hannun mai unguwa da kansila muke bi, kuma abin da muke nema a tsoffin tituna kaɗan ne: a rufe kwatoci, a riƙa kwashe yashin gefe bayan ruwa. Sababbin da ba a zana ba tukuna, a kansu muke son a kira mu tun farko.