Laraba, daga rumfar goro zuwa ɗakin gwaji

Yau tun kafin assalatu idona biyu, don Baba mai goro ya ce in ban zo da sassafe ba to ba zan same shi a natse ba, motar Shagamu za ta shigo da kaya kuma in ta shigo babu mai sauraron wani. Ina idar da sallah na zuba ledojin silika na busar da ganye da almakashi da ɗan madubin duba ganye a jaka, Inna na ta kira in tsaya in sha koko na ce mata sai na dawo. Rumfarsa ba nisa da gidanmu a nan Agege, amma an yi ruwa da daddare, hanya duk caɓi.

Baba aminin mahaifina ne, tun yana saurayi yake harkar goro. Na durƙusa na gaishe shi, ya ce "'yata, ke da ganyayenki kin iso?" ya sa yaronsa ya kwance huhu ɗaya. Wallahi ƙamshin nan na ganyen fita mai danshi da goro, duk sanda na shaƙe shi sai in tuna ƙuruciya. Ya zuba a faifai yana tsincewa da yatsa, ko kallo ba ya yi sosai, fari gefe, ja gefe, daushe daban, sai ya ɗago wani ya matsa shi da babban yatsa ya ce wannan sankara ta ci shi a ciki, ni kuwa a waje ban ga komai ba, ya ɓare sai ga baƙin tabo da ramin tsutsa.

Abin da ya kai ni shi ne ire-iren goro, don a kansu nake binciken digirina na uku. Ya ɓare guda ɗaya ya rabu biyu cif, ya ce gwanja kenan, namu. Ya jawo wani ɗan kwando daga ƙarƙashin benci ya ɓare wani, ya rabu huɗu, ya ce wannan abata ne, shi Yarbawa suka fi ɗauka a bukukuwansu da al'adunsu. A takardunmu na farkon shi ne Cola nitida, na biyun Cola acuminata, kuma ainihin abin da muke dubawa mu bambanta su kenan, yawan ɓarin da ƙwayar ke yi, ɗaya biyu, ɗayan uku zuwa sama. Shi bai taɓa jin sunayen nan ba amma babu ranar da zai haɗa su a ƙwarya ɗaya.

Sai na tambaye shi hannunruwa. Ya yi shiru ya ce rabonsa da ganinsa an jima, da can yakan shigo cikin kaya a yi ta faɗa da dillali, don ba a son shi, yauƙi gare shi a baki. Shi ne wanda muke kira Cola verticillata, kuma shi nake nema ido rufe, wata biyar kenan.

Muna cikin haka wani ya zo sayen namijin goro, bayan ya tafi Baba ya ce to shi wannan ai kin san ƙanen goro ne. Na ce Baba ku yi haƙuri, suna kawai ya haɗa su, namijin goro Garcinia kola ne, gidansu daban kwata-kwata. 'Yan uwan goro na jini su ne kuka da kuɓewa da rama da yakuwa da lalo da auduga da rimi, har da koko da ake cakulan da shi. Ya ajiye goron hannunsa ya ce "haba 'yata, ina kuka ina goro? Ita tana can Sahel cikin rana, shi yana nan kurmi cikin inuwa."

Na ce masa dangin sunansu Malvaceae, sun haura nau'i 4,000 a duniya. Da can masana ma raba su suka yi gida huɗu, kuka da rimi nasu daban, goro da koko daban, lalo daban, kuɓewa da auduga daban, sai a ƙarshen shekarun 1990 da aka fara karanta DNA ɗinsu, wato ƙwayoyin halittar gado, aka ga ashe tushensu ɗaya, aka mayar da su gida guda. Kuma alamomin suna nan a fili tun fil azal. Ɓawonsu yana igiya, rama igiya, ɓawon kuka igiya, lalo ma da danginsa ake saƙa buhu. Sannan ga yauƙi, miyar kuka, miyar kuɓewa, lalo da maƙwabtanmu ke kira ewedu, har dargaza.

Ya ɗan jima yana juya maganar, can sai ya ce "to ashe hannunruwa ba lalacewa ya yi ba, halin gidansu ya ɗauko."

Na rubuta wannan maganar a littafina nan take yadda ya faɗe ta, don wallahi abin da na yi shafi uku ina ƙoƙarin bayyanawa a babi na biyu kenan.

Na bar shi wajen takwas da motar ta iso. Na hau jirgin ƙasa na Red Line daga Agege zuwa Yaba, na samu wurin zama kusa da taga. A hanyar nan dai tsohon layin dogo yake, wanda ya haɗa Legas da Kano tun 1912, shi ya riƙa kwasar huhunan goro zuwa Arewa kuma shi ya zaunar da kakanninmu a Agege. Inna takan ce da can gonakin goro da koko ne ta ko'ina a nan. Daga Agege har Oshodi na yi ta leƙe ko zan ga bishiyar goro ko ɗaya, kwano da bulo kawai nake gani, sai mangwaro jefi-jefi da ayaba a bayan gida.

Da na isa makaranta na wuce ɗakin da muke ajiye busassun tsirrai, na tarar da Malam, mai duba bincikena, ya riga ni. Shekararsa talatin da wani abu a wannan aikin. Ya fara ne lokacin da kayan aikin mai binciken tsirrai ba su wuce adda da tsofaffin jaridu da katakon matse ganye ba, ya taka dajin Omo a jihar Ogun da ƙafa, ya je tsaunukan Oban a Kuros Riba, ya yi shekaru yana zuwa ma'ajiyar tsirrai ta Ibadan da ke cibiyar binciken gandun daji yana gwada abin da ya samo da na magabata. Daga baya ya koma ƙirga kuromozom, zaren gado da ke cikin ƙwayar halitta, a madubin ƙara girma, da zamanin DNA ya zo kuma bai ce ya tsufa ba, ya zauna ya koya tare da ɗalibansa. Abin da ya fi burge ni da shi, ba ya yarda a kawo masa sakamakon kwamfuta ba tare da busasshen reshen da aka ciro ganyen ba, da wuri da rana da sunan da mutanen garin ke kiran bishiyar. Yakan tuna mana cewa Dalziel, likita ɗan Sikotland da ya yi aiki a Arewa, tun 1916 ya fitar da kundin sunayen tsirrai na Hausa, kuma har gobe ana komawa kansa, don ya tsaya ya tambayi mutane.

Na ba shi labarin Baba, ya ji daɗi sosai, ya jawo wani fayil ya buɗe min. Reshen goron daji ne da ya tsinko da hannunsa yana matashi a wajen Ikorodu, ganyen ya koma ruwan ƙasa amma furen na nan. Furen goro ba shi da kunnuwan fure irin na kuɓewa, ƙoƙon da ke riƙe shi ne ya buɗe kamar tauraro, a gwanja fari-fari da jan zane a ciki. Ya miƙo min madubi ya ce duba ƙarshen reshen. Ƴan gashi ne ƙanana, kowanne ya rarrabu daga tushe ɗaya kamar tauraro, wata alamar gidan kenan. Na tambaye shi ko bishiyar na nan, ya ce ya koma shekarun baya, rukunin gidaje ne a wurin yanzu. Ya rufe fayil ɗin a hankali.

Abin nan yana damuna gaskiya. Jinsin goro, wato Cola, ya haura nau'i 100 kuma duka a Afirka suke, sun fi yawa a kurmin Kamaru da iyakarta da mu, amma kaɗan ne ake nomawa, sauran na daji ne, wasu ƙananan bishiyoyi ne a ƙarƙashin inuwa da in an sare manyan su ma sun tafi. Akwai ma mai ɗauke da sunan ƙasar nan, Cola nigerica, yana cikin jerin waɗanda ake fargabar ɓacewarsu. Kuma a jikin irin waɗannan na dajin ne wata rana za a iya samun abin da zai taimaki gwanja ya jure cuta ko fari.

Da rana na shiga ɗakin gwaji da samfur 12 na ganyen da na busar a silika. Na daka su, na zuba ruwan CTAB, sinadarin da ake ciro DNA da shi, na sa a ruwan zafi digiri 65, komai yadda ya kamata. Ina zuwa ɗiba da fifet, ɗan bututun zuƙo ruwa, sai abu ya biyo yana zare, ya ƙi yankewa, sak miyar kuɓewa ɗanya a bakin ludayi. Yauƙin nan da muka yi ta yabo da safe shi ne yake naɗe DNA ɗin ya hana a raba su, duk mai aiki da wannan dangin ya san wahalar. Cikin 12 guda 3 kaɗai suka fito tsaf, raina ya ɓaci sosai don ganyen wasu daga nesa aka kawo min kuma saura kaɗan. Malam ya ce gobe in fara wanke garin da ruwan sinadarin sobitol sau biyu kafin CTAB, in ƙara gishiri, in kuma zaɓi ganye masu ɗan tauri a bar masu taushin. In suka fito sai mu karanta rbcL da matK, wurare biyun a jikin DNA da aka fi amfani da su wajen tantance tsirrai.

Dawowa ban samu jirgi ba sai danfo, gosulo daga Oshodi har Ikeja, ban shigo gida ba sai bayan magariba. Inna ta yi tuwon shinkafa miyar kuka, na ci na ƙoshi.

Bayan isha'i wayata ta yi ƙara, Baba ne. Ya ce ya yi wa direban da ya kawo kayan maganata, direban ya ce akwai wani tsohon manomi a wajen Ijebu da ke da bishiyar hannunruwa biyu a bakin rafi, bai sare su ba don mahaifinsa ne ya bar su. Ya ce zai sa a kawo min ƙwarya guda. Na ce Baba na gode Allah ya ƙara girma, amma ƙwayar kaɗai ba za ta ishe ni ba, ina buƙatar ganye da reshe da fure in akwai, kuma dole in ga bishiyar da idona in ɗauki wurin. Ya ce to ki shirya ranar Asabar, yarona zai raka ki. Na tura wa Malam saƙo, na ciro katakon matse ganye daga bayan ƙofa, yanzu saura in roƙi maƙwabcinmu tsofaffin jaridunsa da safe.