Kwana 90 kawai ake ba ka a Landan

Shekaranjiya yayana ya kira ni daga Kano, wai shi da abokinsa za su haɗa kuɗi su sayi ɗan fulat a Landan su sa a Airbnb, manhajar ba da gida haya ta 'yan kwanaki, baƙi na shiga suna fita shekara duk, su kuma suna gida fam na shigowa. Na ce Yaya don Allah kar ka tura ko sisi sai ka ji abin da ya same ni.

Bara da jikin Hajiya ya tashi na tafi gida jinya, na san zan daɗe, sai na sa fulat ɗina na Landan a Airbnb ko ya rage min biyan bashin banki. Kuma gaskiya an samu baƙi, lokacin bazara ne garin cike da 'yan yawon buɗe ido, har da 'yan Najeriya masu zuwa hutu da yara. Ina asibiti wata rana na duba waya na ga an rufe sauran ranakun shekarar gaba ɗaya, na ɗauka matsalar intanet ce, ashe doka ce. A Landan in za ka ba da gida sukutum haya ta 'yan kwanaki, iyakarka kwana 90 daga Janairu zuwa Disamba. Wannan ma sassauci ne da aka yi a 2015, kafin nan ko kwana ɗaya sai da izini. Tun 2017 Airbnb da kansu suke ƙirga maka, kana cikewa su rufe. In kana son wuce haka sai ka nemi izinin canza amfanin gidan daga kansul, wato ƙaramar hukumar yankin, wanda ya yi gaban kansa kuma ana iya cin sa tara mai tsanani.

Toh wannan ma da sauƙi. Abin da ya fi damuna maƙwabciyata ce, tsohuwa mai ciwon ƙafa da ke ƙasana, kullum muna gaisawa har ina kai mata dambun nama in na dawo daga gida. Da na dawo ta tare ni a matakala take faɗa min yadda ake jan akwati ƙiiii a kanta ƙarfe biyun dare, wasu kuma su danna mata ƙararrawa don sun manta lambar ƙofa, wata uku ba ta yi barcin kirki ba. Wallahi abin ya tsaya min a rai, haƙƙin maƙwabtaka ba wasa ba ne. Bayan nan ga wasiƙa daga masu kula da ginin, takardar lis ɗina, wato yarjejeniyar mallakar fulat ɗin, ta ce gidan na zaman iyali ne kawai, shafin da ban taɓa karantawa ba.

Sai maganar haraji. Kuɗin haya in bai wuce fam 1,000 a shekara ba babu komai, in ya wuce sai ka sanar da HMRC, hukumar harajin Birtaniya, in kuma ta kama ka cike fom ta intanet kafin ƙarshen 31 ga Janairu, ka makara da kwana ɗaya tarar fam 100 ce. Shekarar harajinsu ma daga 6 ga Afrilu take farawa. Wanda ya ba da ɗaki ɗaya a gidan da yake zaune shi ne ya more, har fam 7,500 ba haraji. Kuma kar wani ya ce ai ba za su sani ba, tun Janairun 2024 manhajoji irin su Airbnb suna tattara bayanan masu gida don miƙa wa hukumar. Rangwamen da ake yi wa gidajen hutu masu kaya a ciki shi ma an soke shi a Afrilun 2025.

Na ce Yaya ka lissafa da kwana 90, ka cire kuɗin shara da wanki da harajin kansul, ka ga ko zai riƙe gidan. Ya yi shiru can ya ce in turo masa hoton shafin lis ɗin nan zai nuna wa abokin nasa, na tura masa jiya da daddare.