Layi ya miƙe a kwamfuta, taurari sun ƙi zagayewa

Dare huɗu a jere na yi ina ɗaukar hoton tarin taurarin Andromeda da madubin hangen nesa, kowane hoto minti biyar, kuma duk safiya abu ɗaya nake tararwa: taurarin sun fito dogaye, kamar an ɗiga tawada an ja da yatsa. Abin da ya ɗaure min kai shi ne manhajar PHD2, mai lura da yadda madubin ke bin taurari, tana nuna komai lafiya lau. Shuɗin layi mai nuna gocewa gabas da yamma da jan layi mai nuna gocewa arewa da kudu duk suna kwance, kuskuren bai kai sakan ɗaya na kusurwa ba, wato kashi ɗaya cikin 3,600 na digiri.

Ga yadda aikin yake. Saboda juyin duniya, sama tana gusawa kusan sakan 15 na kusurwa a duk sakan ɗaya na agogo. Mazaunin madubin hangen nesa yana da injin da ke bin wannan tafiya, sai dai haƙoran giyarsa ba su taɓa zama cif, don haka yakan ɗan yi gaba ya ɗan yi baya. Shi ya sa ake ɗaura ƙaramin madubi da kyamararsa a bisa babban, ya kafa wa tauraro ɗaya ido, da ya goce manhaja ta ce wa mazaunin ya gyara.

A nan na yi kuskure. Na ɗauka abin da ƙaramin madubi ya gani shi ne babban ya gani. Ashe ba haka ba ne. Daren na biyar na haska tocila na bi kayan da hannu ɗaya bayan ɗaya, na tarar ɗaya daga cikin sukurorin zoben da ke riƙe ƙaramin madubin bai ɗauru sosai ba, ga kuma wayar kyamara tana reto tana jan sa a hankali yayin da mazaunin ke juyawa. Shi ƙaramin yana bin tauraronsa da gaskiya, amma yana sunkuyawa kaɗan-kaɗan yana jan babban zuwa inda bai kamata ba. Manhaja ba ta da hanyar sanin wannan. Na ɗaure sukurori, na tattare wayoyi a jikin mazaunin, taurari suka zagaye. Masu dogayen madubai da yawa kan haƙura da ƙaramin madubin gaba ɗaya, su sa ɗan gilashin da ke ɗibar haske daga cikin babban, kuma yanzu na fahimci dalilinsu.

Kafin nan na ɓata lokaci wajen rage tsawon lokacin hoton jagora, wato na kyamarar ƙaramin madubin, zuwa rabin sakan, wai don gyara ya zo da sauri. Abin da na samu shi ne mazaunin yana bin rawar da iska ke sa tauraro, yana gyara motsin da ba nasa ba. Sakan biyu zuwa uku ya fi min. Haka ma gwajin farko da manhajar ke yi don sanin gabas da arewa, a kusa da tsakiyar sama ake yin sa, ba can kusa da tauraron arewa ba.

Sai maganar ditarin, gusar da hoto ɗan kaɗan tsakanin ɗauka da ɗauka. Da farko ban ba ta muhimmanci ba, har sai da na haɗa hotuna sittin na ga bayan hoton cike da zane-zane a karkace kamar ruwan sama ana iska. Kowace kyamara tana da wasu fiksel, wato ƙananan ɗigogin da ke haɗa hoto, masu haske ko da babu haske. Idan an gusa hoto ba bisa tsari ba, sukan faɗi wuri daban-daban a kan sama, manhajar haɗawa ta gane su ta watsar. In ba a gusa ba, ko sama tana zamewa gefe ɗaya kawai, sai su ja layi.

Wani abu da na daɗe ban lura da shi ba: adadin gusawar da ake rubutawa a PHD2 fiksel ne na kyamarar jagora. Lissafin mai sauƙi ne, a ninka girman fiksel a maikiron (kashi ɗaya cikin dubu na milimita) da 206.265 a raba da tsawon fokas na madubi a milimita, sai a samu sakan nawa na kusurwa kowane fiksel ke gani. Ƙaramin nawa mai milimita 120 da fiksel mai maikiron 3.75 yana ba da kusan 6.4, babban mai 800 kuma bai cika 1 ba. Ke nan fiksel biyar da na rubuta sun haura talatin a ainihin hoton, alhali goma zuwa sha biyar sun wadatar.

Wannan babban tsalle ya tono wata matsalar. Duk lokacin da juyin arewa da kudu ya sauya hanya, giyar takan yi juyin banza kafin haƙora su kama, jan layi ya tashi sama ya daɗe bai sauko ba, kyamara kuwa ta riga ta buɗe. Hoton farko bayan kowace gusawa ya lalace. Na rage tsallen zuwa fiksel biyu, na ce kada a fara ɗauka sai tauraro ya natsu sakan goma, na kuma mayar da gusawar bayan kowane hoto biyu. Akwai zaɓin gusawa gabas da yamma kaɗai, na gwada shi dare ɗaya, amma zane-zanen ba su ɓace duka ba, sai na koma na matse giyar da hannu har wasan ya ragu.

Yanzu kafin in dubi layin PHD2, nakan buɗe hoto ɗaya in faɗaɗa shi, in duba taurarin tsakiya da na kusurwa huɗu, sannan in taɓa abu ɗaya tak a daren in rubuta shi a littafi.