Yadda na gyara jerin sunayen ƙungiyarmu da Python

Sakataren ƙungiyar 'yan kasuwar layinmu ne ya turo min fayil ɗin Excel na sunayen membobi da lambobin waya, wai a gyara don a riƙa tura musu saƙon taro. Mutane daban-daban ne suka cika shi, wani da manyan baƙaƙe kaf, wani ya bar fili gaba da baya, wani ya rubuta lamba da +234 wani kuma da sifili, kai abin dai ba kyan gani. Na ce bari in gwada da Python, yaren rubuta manhajar kwamfuta, kuma ban sauke komai daga intanet ba, abin da ke cikin str, wato nau'in rubutu na Python, da sauran abin da Python ya zo da shi kawai na yi amfani da su.

strip() na fara sawa don cire filin gefe. Abin da ya kamata mai koyo ya riƙe a nan shi ne rubutu a Python ba ya canzawa a inda yake, in ka rubuta suna.strip() ka wuce to sunan na nan yadda yake, sabo ne yake miƙo maka, dole ka ce suna = suna.strip(). Haka lower(), upper() da replace() duk suke. Filin tsakiya kuma, split() ba tare da ka sa komai a ciki ba yana yanka kalmomi ko fili nawa ne a tsakani, sai " ".join() ya haɗa su da fili ɗaya-ɗaya, shikenan.

Inda na fi daɗewa shi ne title(). Aikinsa ya mayar da harafin farko na kowace kalma babba, kuma a kan Musa da Amina lafiya lau. Amma da ya zo kan sa'adatu sai ya ba ni Sa'Adatu, isma'il ya koma Isma'Il, saboda duk harafin da ya biyo bayan alamar nan ta ɗauri (') yana ɗaukarsa farkon sabuwar kalma ne. Mu kuwa sunayenmu cike suke da ita, Asma'u, Mas'ud, Rabi'u, Nafi'u, ina za ka kai su. Sai na yanka da split() na sa capitalize() a kan kowace kalma, shi harafin farko kaɗai yake ɗagawa. Ita kanta alamar ba iri ɗaya ba ce, wasu wayoyin lanƙwasasshiya suke sawa, kwamfuta kuma miƙaƙƙiya, a ido kamar ɗaya amma Python ba ya ganin su ɗaya, sai da na bi da replace() na mayar da su iri guda kafin sunayen da aka maimaita suka fito fili.

Baƙaƙenmu masu ƙugiya kam sun ba ni mamaki, na ji daɗi wallahi. Tun Python 3 da ya fito a 2008 rubutu Unicode ne, wato tsarin da ya ba kowane harafi na harsunan duniya lambarsa, don haka "ƙ".upper() Ƙ yake bayarwa, ɗ da ɓ ma haka. Matsalar tana wajen jerawa. sorted() lambar harafi yake bi, z tana 122, ƙ kuwa 409, shi ya sa Ɗanladi da Ɗahiru suka faɗo can ƙasan Zainab. Na haɗa tebur da str.maketrans() wanda ke mayar da ɗ zuwa d, ƙ zuwa k, ɓ zuwa b, manyansu da ƙananansu, na ba translate() a matsayin mabuɗin jerawa da bincike kawai. Asalin sunan ban taɓa shi ba, don ni a ganina ba daidai ba ne a cire wa mutum ƙugiyar sunansa saboda sauƙin na'ura.

Sai lambobi. Da yawa za su ce a sa strip("+234") don cire +234 ɗin gaba, kar ka yarda. Ba kalma yake cirewa ba, kowane ɗaya daga cikin +, 2, 3, 4 yake ci ta gaba da ta baya, lambar da ta ƙare da 42 sai ta dawo guntuwa kuma ba wani kuskure da zai nuna maka. removeprefix("+234") shi ne daidai, ya shigo a Python 3.9 a 2020, in naka tsoho ne sai ka duba da startswith() ka yanke huɗun farko. Excel kuma ya riga ya haɗiye sifilin farko na wasu, zfill(11), mai cike gaba da sifili har tsawon ya kai 11, ya dawo da shi tunda lambobin Najeriya 11 ne. Daga ƙarshe isdigit() da len() suka ware min waɗanda ba su cika ba, na tura wa sakatare su ya kira masu su ya tambaya.